Igiyar Kawu da Jan Kwale-kwale

Mai abu ya karɓi abinsa, Kawu ya riga mu komawa ga Allah. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe mu, ni da Yayana, tun da babanmu ya rasu a nan Jidda. Mutane sun ce in bari zuciyata ta yi sanyi kafin in rubuta komai a kansa. Na jira, ta ƙi yin sanyi, don haka da ita a haka zan rubuta.

Gidan Kawu a unguwar Mahjar ɗaki biyu ne, bai iya ɗaukar masu gaisuwa ba. Mata muka cika ciki tare da Inna, matarsa, maza suka shimfiɗa darduma a lungu har bakin titi. Wata tsohuwa 'yar Chadi ta shigo tana kuka tun daga ƙofa, tana cewa jikokinta duk a hannunsa suka daina tsoron ruwa. Wasu samari da ba su iya Hausa sosai ba suka tsaya suna ta maimaita "Allah yarhamu" don ba su san abin da za su ƙara ba. Ta taga ina jin muryar wani Alhaji mai shagunan turare a unguwar Bani Malik, ta fi ta kowa tashi. "Adali irin wannan ba za a sake yi ba," in ji shi. Ya faɗa da safe, ya faɗa da yamma, duk sanda sabon baƙo ya zauna sai ya sake faɗa. A can ƙarshen darduma kuwa akwai wani Badamagare mai dakon kaya a kasuwa, magidanci mai furfura a gemu. Wata guntuwar igiya shuɗiya yake ta juyawa a yatsunsa.

Ranar sadakar uku Yaya ya yi sallama ya shigo wajen Inna. Shi ne shugaban kwamitin ƙungiyar tuƙin kwale-kwale da Kawu ya kafa. Ni da shi duk nan aka haife mu, amma shi Larabci ya fi zama a bakinsa, Kawu ma Khali yake ce masa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, mun zauna da kwamiti. Abu biyu muka yanke don karrama Khali. Jan kwale-kwalensa za mu rataye a bango, babu mai sake shiga, Alhaji zai sa a yi allo mai ɗauke da sunansa. Na biyu, daga Juma'ar nan sabon tsari ne. Kowa ya kama wuri ta waya, ya sa sunansa da lambar katinsa na iƙama."

Na ce, "Igiya fa, Yaya?"

Ya ce, "Igiya halas, ya ukhti. Zamaninta ya wuce." Ukhti, wato 'yar'uwata, haka yake kirana.

Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ƙasar kabarin mutum ba ta gama kwanciya ba, an riga an zauna an rushe abin da ya gina, kuma an sa wa rushewar suna karramawa.

Wanda bai san Kawu ba zai ce wace igiya ce ake wannan rigima a kanta. Bari in faɗa.

Kawu ɗan masunta ne daga bakin kogi a ƙasar Yawuri. Aikin Umara ne ya kawo shi yana saurayi, bai koma ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa riƙe iƙama ba, wato katin zaman da kowane baƙo ke buƙata a ƙasar nan. Gadi yake yi a wata istiraha can bayan unguwar Kurayyat, irin gidan hutun nan da ake haya don biki, mai wurin iyo a cikin rufaffen ɗaki. Wata shekara ruwan sama ya cika unguwanninmu, Kawu ya ga ƙarti majiya ƙarfi suna ihu a ruwan da bai wuce ƙirji ba. Abin ya tsaya masa a rai. Yakan ce, "Mutane suna zaune a bakin teku, amma ko kwano ba su iya juyawa a ruwa ba." Ya roƙi mai gidan, wani dattijon Balarabe, ya ba shi aron wurin iyon ranar Juma'a bayan la'asar da Asabar da safe in ba a yi haya ba. Ya samo wani tsagaggen kwale-kwalen roba ja da aka yar, ya liƙe shi. Da shi aka fara. Juma'a ta maza, Asabar ta mata, kuma ni ce daga baya na riƙe ta mata.

Babu wanda ake biya. Abin da ake koya shi ne riƙon filafili, wato abin tuƙi, da zaman da ba ya kifar da jirgi, da kuma babban darasi, yadda za ka fito ko ka mirgino sama in jirgin ya kife da kai. Kawu da kansa yake kifar da mutum, ba gargaɗi. In ka fito kana tari kana zare ido sai ya ce, "Madalla, ka mutu sau ɗaya. Koma."

Damuwar ita ce wurin ƙarami ne. Kwale-kwale huɗu yake ɗauka, in aka sa na biyar sai karo. Masu son shiga kuwa kullum sun ninka wuraren da ake da su. Kuma ba duka ne buƙatarsu ɗaya ba. Mai iƙama, in sanyi ya shigo, yana iya ɗaukar jirgi ya tafi teku. Wanda ba shi da ita, ko kusa da inda ake tambayar kati ba zai je ba. Wannan ɗan rufaffen ruwan shi ne kaɗai ruwansa a duk faɗin Jidda.

Da farko takalma ake jerawa a bakin ƙofa, wanda ya riga zuwa ya riga shiga. Sai ya zama masu mota ne kullum a gaba. Badamagaren nan da na ambata, sai ya gama sauke kayan maigidansa yake kamo hanya, ya iso a jiƙe da gumi, ya tarar an rufe. Ya juya ya tafi, mako ya zagayo ya sake zuwa. Daga nan Yaya ya kawo shawarar a riƙa kama wuri a waya. An gwada. Masu zaman ofis, waya a tafin hannu, kan ka ce kwabo sun kwashe wuraren, sannan rabinsu ba sa zuwa. Wata Juma'a Kawu ya tsaya yana kallon jirage biyu suna shawagi babu kowa a ciki, mutane kuma a waje an hana su shiga don wai wuraren na wasu ne. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Jirgi babu kowa, mutum a bakin ƙofa. Wannan zalunci ne, ko da waya aka yi shi."

Ranar ya ɗauko igiyar ɗaure jirgi shuɗiya ya yayyanka ta guntu-guntu, ya yi wa kowace ƙulli, ya buga ƙusa a bango kusa da ƙofa ya rataye su. Dokar ba ta da tsawo. Duk wanda ya zo da ƙafarsa aka mayar da shi don wuri ya cika, a ba shi igiya. Mako mai zuwa mai igiya ne farkon shiga, ko da shi ya zo ƙarshe, wurinsa na jiransa. Mai tsaron ƙofa ya dubi ƙusa, igiyoyin da babu su ne wuraren da za a ajiye. In kuwa ka san ba za ka samu zuwa ba, ka maido igiya ko ka aiko da ita, a ba na bayanka. Wanda ya riƙe igiya a gida ya bar jirgi na jiransa, to ya shirya jin bakin Kawu a gaban jama'a. Ba a tambayar suna, ba a tambayar ƙasa, ba a tambayar kati. Badamagare shi ya fara karɓa. Ya dube ta ya ce, "Tsoho, wannan ita ce takardar?" Kawu ya ce, "Ita ce. Kar akuya ta cinye."

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Kawu yana da kafiya, kuma bakinsa ba ya da linzami. Alhajin nan mai yabonsa da babbar murya ya san haka fiye da kowa. Shi ya saya wa ƙungiya jirage biyu sababbi fil, muka yi ta godiya. Bayan ɗan lokaci ya zo da 'ya'yansa biyu ya tarar wuri ya cika. Ya ja Kawu gefe yana murmushi ya ce, "Malam, ai ka san yaran nan ba baƙi ba ne. A ware musu wuri na dindindin, magana ta ƙare." Kawu ya juya ya bar shi nan. Ya shiga ciki, ya sa aka fito da mutanen da ke cikin sababbin jiragen, ya jawo su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya har bakin motar Alhaji, ya ajiye a rana. Ya ce, "Alhaji, na ɗauka kyauta ka ba mu. Ashe kujera ka saya. Ga kayanka." Alhaji ya yi ta rantsuwa ba haka yake nufi ba. Jiragen dai sun koma ruwa, 'ya'yansa suka tafi gida da igiya, shi kuma ya yi wata da watanni ba ya amsa sallamar Kawu. Yau shi ne mai allo.

Ni ma ban tsira ba. Wata Asabar 'yata ta makara, wuri ya cika. Ni ce mai koyarwa, tun asuba nake wurin ina ɗauraye rigunan ruwa, sai na ce ta shigo ta ɗan zauna a jirgin da aka ajiye wa mai igiya. Kawu ba ya shiga ranar mata, a waje yake zama kan kujerarsa, Inna ce 'yar aikensa. Sai ga Inna ta shigo tana ɓoye fuska ta ce, "Kawunki ya ce yarinya ta fito, akwai mai igiya a waje." 'Yata ta fita da kuka a gaban ƙawayenta. Na fito na same shi na ce, "Kawu, jikarka ce fa." Ya ce, "Na sani, ni na yi mata huɗuba. Waccan ma jikar wani ce." Har yau ina ganin da ya iya faɗa a hankali ba tare da ya kunyata yarinya ba. Na daina zuwa gidansa. Da abin ya yi tsawo sai ga shi da yamma da soyayyen kifi a ƙunshe cikin jarida, ya zauna ya ci rabi, ya yi wa 'yata wasan jika har ta yi dariya, ya tashi ya tafi. Bai ba da haƙuri ba, kuma ban sa rai ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne yawan wahalar da yake sha a kan masu igiya. In mutum ya ɓace bayan ya karɓa, Kawu zai bi lungunan Mahjar yana tambaya, don ya san a cikin mutanenmu wanda ya ɓace shiru ko ciwo ne ko an kama shi. Ya taɓa gano wata mai aikin gidaje kwance da zazzaɓi a ɗaki ita kaɗai ta wannan hanyar. Ya je karɓo igiya, ya dawo ya aiki Inna da kunu da magani.

Zan yi wa Yaya adalci, tun da a gidan mai adalci muka tashi. Da Kawu ya cika a asibiti, gawarsa ta daɗe a ajiye saboda rashin takarda. Yaya ne ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan har ya rame, kafin a ba mu izinin binne shi. Abin ya tsorata shi. Ga kuma 'ya'yan mai istiraha, su ke kula da gidan yanzu, sun ce suna son sanin su wa ke shiga. Yaya ya ce mini, "In wani abu ya faru a ruwa, ni za a tambaya, ba ke ba." Gaskiyarsa ce. Amma na tambaye shi ko ya je ya zauna da su kamar yadda Kawu ya zauna da ubansu, ya ce a'a. Na tambaye shi ko an kira ko da mutum ɗaya mai igiya zaman kwamitin, ya ce an sanar a waya. Masu iƙama ne suka zauna suka yanke cewa marasa iƙama sun yi yawa. Kuma don a nuna ana ƙaunar Kawu, za a cire jirgi ɗaya daga cikin huɗu a maƙala a bango ya sha ƙura. Mutumin da bai iya ganin jirgi babu kowa na minti kaɗan ba, shi ne za a tuna da shi da jirgin da babu kowa har abada.

Ranar Alhamis na je gaida Inna. Tana takaba, ba ta fita. Ta jawo wata farar riga ta Kawu daga ƙarƙashin matashi ta ce, "Zan ba da kayansa, sai na ji abu a aljihu." Ta zaro igiya shuɗiya mai ƙulli.

Na san labarinta, don Yaya ya ba ni shi yana dariya a lokacin. Juma'ar ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da shi, Kawu ya ce yana marmarin tuƙi, ya daɗe bai zauna a jan jirginsa ba. Ƙafafunsa sun yi nauyi, ya riga ya bar wa Yaya tsaron ƙofa. Kafin ya lallaɓo daga masallaci wuri ya cika. Yaya ya ce, "Yalla Khali, shiga mana, wa zai hana ka?" Kawu ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni igiya." Yaya da hannunsa ya cire ta daga ƙusa ya ba shi.

Inna ta damƙa mini ita ta ce, "Ki mayar da ita wurin a madadin Kawunki. Kin san ba ya son a riƙe igiya a gida in ba za a je ba."

Juma'a bayan la'asar na tafi. Ba ranata ba ce, ban taɓa zuwa ranar maza ba, amma na tsaya a bakin ƙofa. Yaya na tsaye da waya yana kiran sunaye. Ta bayan kafaɗarsa ina hango jan jirgin a rataye da sarƙa a bango, Alhaji na nuna wa wani inda allo zai zauna. A gefe mutum uku ne riƙe da igiya, har da Badamagare. Ya ce wa Yaya, "Maigida, tsoho ya ce yau layina ne." Yaya bai iya kallon idonsa ba, ya ce, "Ma'alesh, ka yi haƙuri, tsari ya canja. Sai da lamba."

Na matsa na ce, "Yaya, an aiko ni."

Ya ce, "Ba yanzu ba, ya ukhti."

Na buɗe hannuna. Ya dubi igiyar, ya dube ni. Na ga ya gane ta. Na ɗaga murya yadda har na ciki za su ji, na ce, "Kawu ne ya maido igiyarsa. Ba zai samu zuwa ba. A ba na bayansa wurin."

Alhaji ya sauke hannunsa daga bango. Na ce, "Ko kuwa shi ma sai da lamba? Ka sa shi a wayar, Yaya, in gani. Ka san lambar da za ka rubuta masa?"

Yaya ya sauke wayar. Sannan ya karɓi igiyar, ya juya ya nemi ƙusar. Ashe har ita sun cire, sai ramin kawai. Ya tsaya da igiya a hannu bai san inda zai sa ta ba. Daga ƙarshe ya ce wa samari biyu su sauko da jirgin. Ya ce wa masu igiya, murya ƙasa-ƙasa, "Ku shiga. Yau kaɗai, saboda Khali."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Na ce, "Ba alfarma ba ce, layinsu ne." Kwamiti zai sake zama, kuma na riga na gaya musu zan zo, zan kuma taho da duk wanda ke da igiya a aljihu, su faɗa musu a fuska. In 'ya'yan mai gida ne matsalar, mu je tare mu same su. Ban san yadda za ta ƙare ba. Abin da na sani shi ne ranar Asabar ƙofa a hannuna take, kuma na sayi ƙusa.

Ban shiga ba ranar, maza ne a ciki. A waje na zauna kan kujerar Kawu. Can na ji ƙarar jirgi ya kife, na ji tari, na ji muryar Badamagare yana dariya yana cewa, "Na mutu sau ɗaya." Babu wanda ya ce masa ya koma. Nan ne na yi kukan da na kasa yi a gidan makoki.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka ba shi da takarda ko ɗaya. Bai taɓa tsallake layi ba, bai bar wani ya tsallake ba. Ka gafarta masa kaifin bakinsa, ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna haƙuri. In ya iso ƙofarka, kada a mayar da shi.